Yadda Ake Tsara Cajin Tirela Mai Lantarki a Doguwar Tafiya

Direban tirela mai shan dizal ba ya damuwa da saurin famfo. Ya tsaya, ya cika tanki cikin 'yan mintuna, ya wuce. Tirela mai aiki da batir ba ta yarda da wannan sakaci ba, domin ita lokacin da za ta ɗauka a jikin caja wani ɓangare ne na tafiyar kanta. Idan an tsara shi da kyau, cajin yakan ɓuya cikin hutun da doka ta riga ta wajabta wa direba, babu minti ɗaya da aka yi asara. Idan ba a tsara ba, lodi ya makara, direba ya cinye awanninsa na aiki a zaune, mai mota kuma ya ɗora laifin a kan lantarki alhali lissafi ne ba a yi ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin caja ba ita ce saurin da motarka za ta samu ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Saurin gaske yana fitowa daga abubuwa da dama da suka haɗu a lokaci guda, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: raba kilowat da kilowat-awa

Mutane da yawa suna cakuɗa waɗannan biyu, daga nan ne kuma kuskuren lissafi ke farawa. Kilowat-awa, wanda ake taƙaita shi da kWh, yawan wutar da batir ke ɗauka ne, kamar litar da ke cikin tanki. Kilowat, wato kW, saurin zubar wutar ne, kamar yawan litar da famfo ke fitarwa a minti. Kilowat 1,000 shi ne megawat ɗaya. Caja mai kilowat 300 da ta yi awa guda cur tana aiki a kan wannan ƙarfi za ta zuba kilowat-awa 300. A rabin awa, 150.

Ƙa'idar ke nan, kuma duk sauran lissafin daga gare ta yake fita: raba wutar da kake bukata da saurin da kake samu, sai ka ga awannin da za ka zauna.

Domin ka ji nauyin lambobin, batirin ƙaramar mota yawanci yana tsakanin kilowat-awa 50 da 100. Tirelar Mercedes-Benz eActros 600, wadda aka fara ƙerawa don kasuwa a ƙarshen 2024, tana ɗauke da kilowat-awa 621 a cikin akwatunan batir uku, kuma kamfanin ya ce tana yin kilomita 500 da cikakken lodi kafin ta nemi caji. Volvo FH Electric ta farko tana da 540. Cajar da ake yabo a wurin ƙaramar mota, idan aka jona wa irin waɗannan, sai ta zama kamar cika randa da cokali.

Mataki na biyu: san abin da motarka ke ci a kowace kilomita

Tirela mai nauyin tan 40 a kan babbar hanya tana cin abin da ya kama daga kilowat-awa 1 zuwa 1.3 a kilomita, a yanayi mai kyau. A 2024 Mercedes ta zagaya da eActros 600 ƙasashe 22 na Turai, tafiyar sama da kilomita 15,000 da nauyin tan 40, tana caji a tashoshin jama'a kaɗai, aka samu matsakaicin kilowat-awa 103 a kowace kilomita 100. Tesla kuma ta ce Semi ɗinta, wadda ta fara miƙa wa PepsiCo a Disambar 2022, ba ta kai kilowat-awa 2 a mil ɗaya ba, wato ƙasa da 1.25 a kilomita.

Waɗannan lambobin kamfanoni ne, ƙwararrun direbobi suka samo su. Shawarata ita ce ka fara lissafinka da 1.2 ko 1.3 har sai motarka ta nuna maka nata. Iska mai bugun gaba tana ƙara ci. Ruwan sama ma haka, saboda tayoyi suna ture ruwa. Sanyi mai tsanani yana ƙarawa ta hanya biyu, ɗumama ɗakin direba da ɗumama batirin. Gudu shi ne babba: turjiyar iska tana ƙaruwa da sauri fiye da yadda gudun ke ƙaruwa, don haka direban da ya sauko daga kilomita 89 zuwa 80 a awa yakan tsira da wutar da za ta rage masa mintuna a tasha.

Sannan ka tambayi dillali lamba ɗaya da ba a cika sa ta a talla ba: nawa ne daga cikin batirin ake iya amfani da shi? Kowane kamfani yana ɓoye wani kaso a sama da ƙasa don kare lafiyar batir. Da wannan lambar za ka yi aiki.

Mataki na uku: lissafa daga hutun direba, sannan ka nemi caja

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan fi daɗewa.

A Tarayyar Turai doka mai lamba 561/2006 ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi dole direba ya huta minti 45, ana iya raba su gida biyu, 15 da farko sannan 30. Tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, hutun dare kuma awa 11. A Amurka direban kaya yana iya tuƙin awa 11, da hutun minti 30 bayan awa 8 na tuƙi, da awa 10 na hutu kafin ya sake kama aiki. Kowace ƙasa da tata, sai ka duba wadda ta hau kanka. Masu ƙera motoci da masu ƙera caja duk a kan waɗannan mintuna suka ɗora aikinsu, kai ma a kansu za ka ɗora naka.

Mu ɗauki misali. Tafiyar yini kilomita 600 ce. Motar tana cin 1.2, ke nan ana bukatar kilowat-awa 720. Batirin da ake iya amfani da shi 600 ne, an cika shi da daddare. Ba ka son isa da batir wayam, don haka ka ware kashi 15 cikin 100, wato 90, a matsayin ajiya. Haɗa 720 da 90, cire 600, saura 210. Wannan ita ce wutar da dole a saya a hanya, ba ƙari.

Yanzu lokaci. Hutun minti 45 ne, amma ba dukkansu ne na caji ba. Jona kebul, tantance kati, jiran mota da caja su gaisa, tsayar da caji, mayar da kebul, duk suna cin lokaci. Cire minti 10, saura 35. Ninka 210 sau 60, raba da 35, ka samu 360. Ma'ana, kana bukatar matsakaicin kilowat 360 daga farkon cajin har ƙarshensa. Ka lura da kalmar matsakaici. Cajar da ta taɓa 360 na minti biyar sannan ta zame zuwa 220 ba ta biya maka bukata ba.

Duba kuma inda batirin yake a lokacin tsayawa. Bayan awa huɗu da rabi a matsakaicin gudun 75, an ci kusan kilomita 340, an kashe kilowat-awa 408, saura 192, wato kashi 32. Ƙara 210 ya kai 402, kashi 67. Wannan tsakiyar batir ce, inda ya fi karɓar wuta da sauri. Tsarin ya yi kyau.

Sauya abu ɗaya kawai: tafiyar ta zama kilomita 700. Bukatar hanya ta tashi zuwa 330, kuma a minti 35 sai an sami matsakaicin kusan kilowat 570. Babu cajar CCS ta yau da kullum, wato irin cajar gaggawa da aka fi samu a tashoshin Turai, da za ta ba ka wannan. Zaɓin da ya rage shi ne cajar megawat, ko ƙarin tsayawa, ko caji a wurin da ake sauke lodi. Na ukun shi ne wanda ake yawan mantawa da shi, alhali motar da ke tsaye awa guda ana sauke mata kaya, ko da caja mai kilowat 150 ce a wurin, ta samu tafiyar fiye da kilomita 100 ba tare da ɓata minti ɗaya ba.

Mataki na huɗu: gano wanda zai riƙe maka sauri

Ƙarfin wuta shi ne boltej, wato ƙarfin da ke tura wutar, sau amfiya, wato yawan wutar da ke kwarara. Boltej batirin motarka ne ke ƙayyade shi, amfiya kuma kebul da caja da kwamfutar batir ne ke sa mata iyaka. Cajar CCS mai kebul da ake sanyaya shi da ruwa takan ba da amfiya 500. Idan batirin yana kan bolt 800 a lokacin, ka samu kilowat 400. Idan yana kan 650, ka samu 325, ko da an rubuta 400 a jikin cajar. Ba lalacewa ta yi ba, lissafin ne ya tsaya nan. Kuma boltej ɗin batir yana yin ƙasa idan ya kusa ƙarewa, ya hau yayin da yake cika. Kebul mara sanyaya kuwa sau da yawa amfiya 200 yake ɗauka, wanda a bolt 700 bai wuce kilowat 140 ba. Saboda haka idan manhaja ta nuna maka tasha, nemi amfiyar kebul ɗin, kada ka tsaya a kilowat.

Mota ma tana da iyakarta. Volvo FH Electric ta farko kilowat 250 take karɓa. MAN eTGX tana karɓar 375 ta CCS, eActros 600 kuma 400. Ka kai motar 250 wurin cajar 400, 250 za ta sha.

Sai rabon wuta. Tashoshi da yawa suna da akwatin wuta guda da ke ciyar da bakunan caji biyu ko fiye. Kai kaɗai ne, ka kwashe duka. Wata mota ta jona a gefenka, a raba. Wani lokaci ma iyakar tana can sama, a taransifomar da ke ciyar da tashar gaba ɗaya, ta yadda bakuna takwas masu 400 kowannensu ba za su taɓa bayar da 400 a lokaci guda ba. Tambayar da ta dace a yi wa mai tasha ita ce, idan duk wurare sun cika, nawa kowace mota ke samu?

Akwai kuma halin batir. Yana karɓa da sauri idan yana ƙasa ko a tsakiya, ya fara ja da baya idan ya doshi kashi 80, saboda tura wuta da ƙarfi cikin batirin da ya kusa cika tana lalata shi. Shi ya sa kamfanoni ke ba da lokacin caji daga kashi 20 zuwa 80. Mercedes ta ce eActros 600 za ta yi wannan zangon cikin kusan minti 30 a cajar megawat ɗaya. Yi lissafin da kanka: kashi 60 na 600 shi ne 360, a rabin awa kuwa matsakaicin 720 ke nan. Ko a bakin kamfanin da kansa, megawat ɗaya ba ya riƙewa daga farko har ƙarshe.

Zafi da sanyi su ne na ƙarshe. Batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da sauri, musamman nau'in batirin litiyam da ake kira LFP, wanda ya fi jure yawan caji amma ya fi jin sanyi. Idan motarka tana da tsarin shirya batir kafin isa tasha, kunna shi, ko ka sa tashar a taswirar motar don ta shirya kanta. A tsananin zafi kuma caja da kebul ɗinta ne ke rage ƙarfi don kada su ƙone.

Mataki na biyar: tabbatar da irin bakin caja

A Turai CCS2 ake amfani da shi, a Arewacin Amurka CCS1, a Sin kuma GB/T. Ba sa shiga soket ɗin juna. Duk an fara yin su ne don ƙananan motoci, manyan motoci suka ara.

Wanda aka yi musamman don manyan motoci shi ne MCS, tsarin cajin megawat. Ƙungiyar CharIN ta masu ƙera motoci da caja ta kafa kwamitin aikinsa a 2018, aka nuna bakinsa ga jama'a a birnin Oslo a watan Yunin 2022. An tsara shi ya kai bolt 1,250 da amfiya 3,000, wato megawat 3.75. Wannan ita ce iyakar tsarin. Na'urori da motocin farko suna aiki ne daga wajen kilowat 700 zuwa megawat ɗaya da ɗan wani abu, misali MAN da Scania sun fara da 750. Wani abu da nake yaba wa MCS, wanda bai shafi sauri ba, shi ne an tsayar da wurin soket: gefen hagu na mota, daidai tsayin ƙugu. Da wannan mai gina tasha ya san inda zai kafa caja, direba kuma ba zai yi ta juya tirela yana neman yadda kebul zai kai ba.

Wasu suna tsoron cewa megawat zai dafa batir. Auna da girman batirin tukuna. Megawat ɗaya a batir mai 600 bai kai ninki biyu na girmansa a awa ba. Ƙaramar mota mai batir 75 da ke karɓar kilowat 250 tana shan fiye da ninki uku. Wahalar megawat tana kan kebul da tsarin sanyaya da layin wutar da ke ciyar da tasha.

Idan yanzu kake sayen mota kuma aikinta doguwar hanya ce, ka nemi wadda ke da soket biyu, na CCS da na MCS, ko aƙalla wadda kamfanin ya rubuta cewa za a iya ƙara mata MCS daga baya. Tashoshin CCS sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma za su ci gaba da zama haka na wasu shekaru, amma mota tana rayuwa fiye da waɗannan shekarun.

Mataki na shida: binciki tashar kafin ka aika mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tashar da ta bayyana a manhaja da alamar caja mai sauri ba lallai ba ne tirela ta iya shiga cikinta. Tirela da bodinta a Turai mita 16.5 ce a tsawo, mita 4 a tsayi. Akasarin tashoshin ƙananan motoci an gina su ne a shiga da gaba a fito da baya, da rumfa gajeriya da kebul ɗan guntu. Direban da ya faɗa irin wannan sai ya nemi inda zai cire bodi, ya kai kan motar shi kaɗai, ya dawo ya sake haɗawa. Minti 20 sun tafi, ga lodi an bar shi babu mai gadi. Abin nema shi ne wurin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba da bodi a haɗe.

Buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka duba ƙofar shiga da filin juyawa. Kira masu tashar ka tambaya ko ana iya kama wuri tun kafin a iso, domin layin mota biyu a gabanka ya isa ya rushe lissafin yini. Duba ko katin cajin kamfaninku yana aiki a wurin, kuma ka ba direba hanya ta biyu ta biya. Idan bodin mai firji ne, tambayi ko akwai soket ɗinsa. Sannan ga kowace tasha da ka zaɓa, ka nemo wata a gaba ko a baya wadda motar za ta iya kaiwa da ajiyar da ka ware. Idan babu ta biyu, wannan hanya ba ta nuna ba tukuna, ko kuma ajiyar tana bukatar ƙari.

Yana da amfani ka san inda ake gina tashoshin, don nan ne hanyoyi za su fara buɗewa. Tarayyar Turai ta kafa doka mai lamba 2023/1804, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024. Ta wajabta cewa zuwa ƙarshen 2030 a sami tashar manyan motoci a kowace kilomita 60 a kan ginshiƙan hanyoyin nahiyar, kowace da jimillar aƙalla kilowat 3,600, da kuma kowace kilomita 100 a kan sauran manyan hanyoyin, da kilowat 1,500. Daimler Truck da Traton da Volvo, waɗanda abokan gasa ne a kasuwa, sun haɗa Yuro miliyan 500 suka kafa kamfanin tashoshin caji na Milence a 2022 da burin wuraren caji 1,700, kuma tasharsu ta farko ta buɗe a Venlo ta ƙasar Holan a Disambar 2023. A Amurka aikin ya fi ƙarfi a jihar Kalifoniya, inda kamfanin WattEV ya buɗe tasha a Bakersfield a 2024, kamfanin Greenlane kuma a Colton a 2025. Sin ta ƙara da wata hanya daban, musayar batir, inda inji ke cire wanda ya ƙare ya sa cikakke cikin 'yan mintuna. Hakan ya fi karɓuwa a ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa da masana'antun ƙarfe, inda motoci ke kai da komowa a hanya guda.

Abin da ke jan ƙafar ginin ba ƙarancin caja ba ne. Tasha mai bakuna goma na megawat ɗaya tana jan wuta kamar babbar masana'anta, kuma jawo mata layi da taransifoma daga kamfanin rarraba wuta yakan ɗauki shekaru. Wasu tashoshin suna girke manyan batura a gefe, su cika su a hankali, su juye wa motoci idan an yi cunkoso. Irin wannan tasha tana iya ba ka cikakken sauri da safe, ta gaza da yamma bayan motoci sun kwashe ajiyarta. Ka tambaya.

Mataki na bakwai: a gaban caja

Tsaya yadda soket zai fuskanci caja ba tare da an ja kebul ya miƙe ba. Ja birkin hannu. Kafin ka taɓa komai, dubi kebul da bakinsa: tsagewa, alamar ƙuna, ruwan sanyaya da ke ɗiga, ko datti a cikin ramuka. Ka ga ɗaya daga ciki, koma wani bakin ka sanar da masu tashar. Tantance da kati ko manhaja, sai dai idan mota da cajar suna gane juna da kansu da zarar an jona. Tura bakin har ka ji ya kulle. Kebul ɗin yana da nauyi, ka tallafe shi da hannu biyu har kullewar ta kama, domin bakin da ya karkace yana cikin manyan dalilan da caji ke ƙin farawa.

Daga nan mota da caja za su yi magana, a gwada ko wuta ba ta zurarewa, sannan ƙarfi ya fara hawa. Kada ka tafi tukuna. Tsaya minti biyu ka ga lambar da ta zauna a kai. Idan kana tsammanin 350 ka ga 120, kuma batirin ba sanyi yake ji ba, bai kuma kusa cika ba, tsayar ka sauya baki yanzu. Gara ka rasa minti huɗu da ka dawo bayan 40 ka tarar da sulusin abin da kake bukata.

Idan komai ya daidaita, bar motar ka huta hutu na gaske, ka riƙa ganin ci gaban cajin ta waya. Da ka kai adadin da lissafi ya nuna, tsayar daga manhaja ko allon caja ko cikin mota, jira kulle ya saki, sannan ka zare. Maɓallin gaggawa mai launin ja na gaggawa ne kawai, danna shi yakan kashe cajar ga na bayanka, wani lokaci har da na gefenka. Wayoyin wuta masu launin ruwan lemo da ke jikin motar na babbar wuta ne, ba a taɓa su ko da mota a kashe take.

Kada ka zauna jiran kashi 100 a tashar hanya. Kashi 20 na ƙarshe suna cin lokaci mai yawa, kuma wani direba yana jiran wurin da agogonsa na aiki yana tafiya. Idan ma doguwar gangara ce a gabanka, cikawa illa ce: motar lantarki tana rage gudu ta hanyar mayar da wuta cikin batir, batirin da ya cika kuwa ba shi da wurin karɓa, sai nauyin ya koma kan sauran birkunan.

Mataki na takwas: mayar da yawancin cajin zuwa dare

Cajin gaggawa na cike gibi ne. Gangar jikin wutar a hutun dare ya kamata ta shiga, a gareji ko a wurin kwanan direbobi. Kilowat-awa 500 a cikin awa 9 bai kai kilowat 60 ba, don haka caja mai 60 zuwa 100 ta wadatar, ta fi sauƙin girkawa, kuma batir ya fi son ta. Abu ɗaya za ka kiyaye a tashar jama'a: ka tabbatar motar za ta iya kwana a wurin da take caji. Idan sai an tashi direba tsakar dare ya matsar da ita, an karya masa hutun da doka ta ba shi, wasu tashoshin kuma suna cajin kuɗin zama bayan batir ya cika.

Ga mai gareji, lissafin yana da daɗi idan aka yi shi da wuri. Motoci 20, kowace tana bukatar 400, jimilla 8,000. A shimfiɗa su cikin awa 10, kilowat 800 ya isa. A ba kowace mota caja mai 350 su jona lokaci guda da magariba, sai an nemi 7,000. Wutar da aka sha ɗaya ce, amma taransifomar da ake bukata ta ninka kusan sau tara, kuma a wurare da yawa kamfanin wuta yana cajin manyan masu amfani a kan ƙololuwar da suka taɓa ja a wata, ban da yawan abin da suka sha. Manhajar rabon caji ce ke magance wannan: a faɗa mata wace mota za ta fita ƙarfe nawa da wutar da take bukata, ita kuma ta jera su. Takardar neman ƙarin wuta kuwa a shigar da ita kafin a yi odar motoci, domin mota takan iso kafin layi.

Idan batirin LFP ne, bi umarnin kamfani na cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci a cajin dare. Boltej ɗinsa ba ya sauyawa sosai a tsakiya, don haka kwamfutar tana bukatar ganin cikarsa kafin ta gyara ƙiyasinta, in ba haka ba gejin ya fara nuna abin da babu.

Mataki na tara: rubuta abin da ya faru

Bayan kowane caji a rubuta tasha da lambar baki, kason batir a farko da ƙarshe, wutar da aka saya, mintunan da kebul ya yi a jone, da mintunan da aka yi daga shiga ƙofa zuwa fita. Raba wutar da mintunan ƙarshen nan, ka ninka da 60, shi ne saurin tashar na gaskiya. Za ka kuma ga cewa abin da caja ta ƙirga ya ɗan ɗara abin da ya zauna a batir, saboda wani kaso yana tafiya a zafi da sanyaya, sai ka sa wannan ratar a lissafin kuɗi. Bayan wata guda ka koma kan 1.2 da muka fara da ita, ka maye gurbinta da lambar kowace hanya, ta lokacin zafi daban, ta lokacin sanyi daban, sannan ka sake yin lissafin mataki na uku da sababbin lambobin.